Buzun Baffa a Hayin Riruwai

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Bebeji, mu uku a gaban wata tsohuwar a-kori-kura: ni, da direba, mutumin Ba'awa, da maƙwabcina mai shayi, wanda ya kife tukunyarsa ranar ya ce sai ya ga tseren nan da idonsa. A baya mun ɗora jarkar ruwa, da tayoyin keke biyu, da ƙullin goro, da babbar rigar ƙanena a ninke cikin leda. Ƙarshen damina ne. Raɓa ta rufe gilashin motar, direba yana gogewa da hularsa, domin abin share gilashin ya daɗe da yin ritaya.

Bari in fara gaya muku abin da ya fitar da mu. Ƙanen nawa shi ne autanmu, kuma Auta muke ce masa har yau da ya zama magidanci. Ya yi shekaru yana kai burodi ƙauyuka a kan keke, daga Bebeji har cikin ƙasar Kiru, da akwati a baya wanda ya kere kansa. A hanyar Tiga ya haɗu da 'yan wata ƙungiyar tseren keke daga birni. Suka ga yadda yake taka feda, suka ara masa keken tsere, ya riƙa bin su atisaye. To, ƙungiyar ce ta shirya tsere daga Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, a hau duwatsun Doguwa har Riruwai, can inda ƙasar Kano ta fi tudu. Mutum biyar da suka fara isa za a ɗauke su cikin tawagar ƙungiyar, a bar musu kekunan su zama nasu, a riƙa fita da su gasa wasu jihohi. Wanda bai shiga ba ya mayar da keken aro. Auta da bakinsa ya ce shekaru sun fara ja, in bai shiga bana ba, ya koma wa akwatin burodinsa ke nan.

Matsalar ɗaya ce. Hayi mafi tsauri a hanyar ya bi ta ƙofar gidan surukinsa, Baffa, wani dattijon Bafulatani da ya daɗe da zama a wani ƙauye kafin Riruwai, yana noma yana kiwo. Tun da Auta ya auri 'yarsa bai taɓa wuce shi a kan keke ba. Daga gindin wata tsamiya yake sauka, ya cire takalmi, ya turo keken, ya tsugunna. Ga shi kuma matar tasa tana gidan tana wankan jegon ɗansu na fari. Kwana biyu kafin tseren ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, in na hango shi a zaune, wallahi sauka zan yi. Ko na ce ba zan sauka ba, ƙafata ba za ta yarda ba." Sai ya roƙe ni in riga su isa, in san yadda zan yi Baffa ya kasance a cikin gida lokacin da za su wuce. Wannan ba maganar waya ba ce, kuma ni na je nema masa auren, don haka ni nauyin ya hau. Na ce to. Amma har muka shiga mota ban san da wane baki zan ce wa dattijo ya tashi daga ƙofar gidansa ba.

A Kwanar Dangora muka karya kumallo. Wainar wurin tana da laushi, miyar kuma an ba ta yaji ba ƙaramin ba. Maƙwabcina ya kurɓi shayin wani, ya ɗaga kofin yana dubawa kamar likita, ya ce wannan ruwan zafi ne da ya taɓa gaisawa da ganyen shayi daga nesa. Duk da haka kofi biyu ya sha. Daga nan muka saki titin Zariya muka karkata kudu. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci na ɗauki ɗabi'ar karanta duk allon da na gani a hanya da ƙarfi. Direba ya ce kafin in gama haɗa sunan gari mun riga mun shiga na gaba. Gaskiyarsa ne, amma na Tudun Wada na karanta shi tsaf tun kafin mu iso gindinsa, na kuma tabbatar ya ji.

Gonakin shinkafa sun yi shar a fadamu, dawa ta fitar da kai. Muna shiga Tudun Wada muka tarar da garin a tsaye. An tare bakin titi da igiya, 'yan acaba sun kashe babura sun hau kai suna kallo, masu rake sun baza hajarsu. Abin da zai saya maka gaɓa kaɗan a Kano, a nan sanda guda ake miƙo maka, har da na ɗanɗano.

Ban taɓa ganin kekuna irin waɗannan a wuri ɗaya ba. Taya kamar ɗan yatsa, ba kariya, ba ƙararrawa, kuma yatsa biyu suna ɗaga keken sama. Mahayan sun zo daga wurare daban-daban. Akwai 'yan Jos, waɗanda aka ce hawan dutse a wurinsu kamar zuwa masallaci ne, akwai na Kaduna, akwai na birni. Duk sirara ne, amma in ka dubi sharaɓarsu sai ka ce an ɗaura musu curin doya. Takalmansu suna da wani ƙarfe a ƙasa da yake maƙalewa a feda, saboda haka in sun sauka tafiyar agwagwa suke yi, ƙwas ƙwas a kan kwalta. Wani makiyayi da ya ce daga Burumburum ya taso ya daɗe yana zagaya wani jan keke, hannayensa a rataye kan sandarsa, sannan ya tambayi mai shi a ina ake ɗaura kaya. Da aka ce ba a ɗaurawa, sai ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta.

Na hango Auta a gefe yana duba sarƙa. Kowa da gajeren wando mai kama jiki, shi kaɗai ya sa dogo baƙi har idon sawu, kuma na san dalili. Na karanta lambar da aka manna masa a baya na riƙe ta a kai. Da ya gan ni bai tambayi lafiyar hanya ba.

"Yaya, ka tuna?"

"Na tuna. Kai dai ka taka."

Ya gyaɗa kai, amma na ga bai natsu ba. Muka bar wa motar ƙungiya tayoyin da muka kawo, muka yi sauri muka wuce kafin a rufe hanya.

Dajin Falgore ya yi duhu da ganye. Bishiyoyi sun haɗe kai a wasu wurare, sanyi yana shigowa ta taga, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar. Mun ga gwaggon biri da iyalansa zaune a bakin titi, ya kalle mu kamar mun zo ba sallama. A shingayen jami'an tsaro, da sun ji mun ce tsere, sai su ɗaga mana hannu, wani ma ya tambaye mu ko gaskiya ne da ƙafa za a tuƙa keke har Riruwai. Hanyar a cikin daji ba miƙaƙƙiya ba ce. Ta gangara zuwa gada, ta sake hawa, ta sake gangarawa. Ina zaune a mota ina jin gajiyar mutanen da za su bi ta a kan sirdin da bai kai tafin hannuna ba.

Da muka fita daga daji sai duniya ta buɗe. Masara ko'ina, wata a tsaye, wata an karya an shanya a kan falalen duwatsu ta yi ja-ja-ja. Can gaba kuma ga duwatsun Doguwa, shuɗi-shuɗi, gajimare ya sauko ya zauna musu a ka. Mu mutanen Bebeji mun saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, in ka tsaya a gonarka kana hango wanda zai zo maka tun daga nesa. A nan kuwa gari yana iya kasancewa a saman kanka ba ka sani ba sai ka ji carar zakara. Muka karkata zuwa Riruwai, motar ta fara nishi. Direba ya sa giya ta biyu, ya dawo ta ɗaya, yana lallashinta da sunaye masu daɗi. Kunnuwana suka toshe. A wata kwana lagireto ya tafasa, dole muka tsaya muka ba shi rabin ruwan jarkarmu. Maƙwabcina ya ce in mota mai inji ta nemi ruwa a nan, to Allah ya ji ƙan ɗan Adam. A wurin wata mata ta sayar mana da gasasshiyar masara sabuwar karya, mai zaƙi kamar an sa mata sukari, da araha har na ji kunyar karɓar canji.

Tun daga tsamiyar nan na san aikina ya yi wuya. Hayin ya miƙe sama kamar tsani, ga gidan Baffa a tsakiyarsa, daidai inda ya fi tsauri. An share ƙofar gidan fes, an shimfiɗa tabarmi a inuwar wata ɗorawa, dattawa sun jeru a kai, wasu daga rugagen da ke bayan dutse suka taso. A tsakiya, a kan buzunsa, ga Baffa cikin farar riga da rawani, irin shigar da ba ya yi sai ranar idi. Ashe tun sati guda ya aika wa kowa cewa surukinsa zai wuce cikin masu tsere, a zo a gani.

Muka cire takalma muka tsugunna. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Ya tambayi mutanen Bebeji ɗaya bayan ɗaya, na tambayi shanu, na tambayi mai jego da jariri, na miƙa goro. Aka kawo fura da nono mai kauri a ƙwarya, irin wanda ludayi yake tsayawa a ciki. Baffa ba ya kiran sunan Auta, "mutumin Bebeji" yake ce masa. Ya dube ni ya ce, "Mutumin Bebeji yana ciki dai ko?" Na ce yana ciki, Baffa. Ya juya ya faɗa wa na kusa da shi da Fulatanci, suka gyaɗa kai. Fuskarsa a sake, kamar wanda saniyarsa ta haifi tagwaye.

Na gwada ta nan, na gwada ta can. Na ce rana za ta ɗaga, ko za a koma zaure? Ya ce inuwar ɗorawar nan ta girme ni, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Na ce masu keken nan gudu suke yi, kada wani ya kauce ya faɗo kan mutane. Ya yi dariya ya ce a wannan hayin ko kura tafiya take yi a hankali. Maƙwabcina yana ta zungurina da gwiwar hannu, yana raɗa mini, "Ka faɗa masa mana kai tsaye." Na ce masa ya sha furarsa. Yaya za a yi in dubi mutumin da ya tara baƙi, ya naɗa rawani saboda ƙanena, in ce masa zamansa ne matsalar?

Muna nan sai ga wani mutum ya taho da itace a kan tsohon keke. Ya yi ta fama har ya kawo kusa da mu, ya sauka ya gaida dattawa, sannan ya ci gaba da turawa. Baffa ya bi shi da kallo ya ce, "Duk wanda ya sauka a nan, sai dai ya tura har masallacin can sama. Ba a sake hawa."

Na ce, "Haka ne, Baffa. Balle masu tsere, da ƙafarsu take a maƙale da feda. Wanda ya sauka, kafin ya sake maƙalawa an wuce shi. Shi ke nan tasa ta ƙare."

Ya dube ni ya ce, "Ko da gaisuwa ce ta sauke shi?"

"Ba ruwan alƙalan tsere da gaisuwa, Baffa."

Ya ce, "Ikon Allah." Ya ɓare goro ya jefa a baki, ya koma hirar farashin masara da na kusa da shi. Bai motsa daga buzun ba. Na ce a raina na gaza, yau Auta zai rasa kekensa a gaban idona.

Jiniya muka fara ji daga ƙasa, sannan babur mai jar tuta ya bayyana. Mutanen ƙauyen suka cika bakin hanya, mata suka leƙo ta saman danga. Can sai ga su a kwanar da ke ƙasan tsamiya. Jama'a, na ga aiki a rayuwata, na yi noma, na yi dako, amma ban taɓa ganin mutum yana wahala da kyau irin wannan ba. Mutum biyu ne a gaba, sun miƙe tsaye kan feda, kekunan suna rangaji dama da hagu. Ba mai magana. Sai ƙarar sarƙa da numfashi kamar zugazugin maƙera, gumi yana ɗiga daga haɓa zuwa kwalta. Gudun da suke yi bai fi na mai sassarfa ba, amma kowane taki ɗaya kana ganin abin da ya ci musu. A bayansu da ɗan tazara ga wani gungu, kuma a cikin gungun na hango baƙin dogon wando.

A daidai lokacin Baffa ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya ɗauki butarsa ya ce, "Bari in kewaya." Wani dattijo ya kama gefen rigarsa ya ce, "Haba, Malam, yanzu? Ga su nan fa sun iso!" Ya zame rigar a hankali ya ce, "Furar nan ce." Ya bi ta bayan rumbu ya shige.

Auta ya iso tsamiya. Na ga kansa ya ɗago, na ga dunduniyarsa ta fara murɗawa za ta fita daga feda, domin ƙafa ta riga ta san wurin. Idonsa ya bi tabarmin nan mutum bayan mutum har ya sauka kan buzun. Babu kowa a kai. Na cika baki na yi ihu irin wanda ban yi ba tun ina yaro: "Taka, Auta! Taka!" Ya mayar da dunduniyar, ya miƙe tsaye. Da ya zo daidai buzun sai ya sunkuyar da kai har hular kwanonsa ta kusa taɓa hannun keken, ya wuce a haka. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Na waiwaya, kuma a wata kafa ta zanan da ke gefen rumbu na hango farin rawani. Ban nuna wa kowa ba.

Sai da na ƙarshe ya wuce aka buɗe hanya muka bi su a mota. Na bayan ma sun burge ni, watakila fiye da na gaban. Akwai wani mai furfura a gemu yana takawa kamar zai tsaya amma bai tsaya ba. Akwai wani da gwiwarsa take jini, motar ƙungiya ta matso za ta ɗauke shi, ya kore ta da hannu. Mutanen ƙauyukan hanya, waɗanda ba su san kowa a cikinsu ba, suna tsaye da kofunan ruwa suna cewa sannu, sannu, saura kaɗan, ko da ba kaɗan ɗin ya rage ba.

Riruwai gari ne a cikin ƙugun duwatsu, iskarsa mai sanyi ko da rana tsaka. A gefen hanya akwai tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, sun zama tafkuna koraye shar. A kasuwa kana jin harsuna iri-iri, domin haƙar ma'adinai ta tara mutane daga nesa tun zamanin kakanni. Mun tarar da Auta kwance a ƙasa kusa da layin ƙarshe, hannuwa a baje, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Wani ɗan Jos ne ya zo na ɗaya, kuma ya cancanta, an ce a hayin ƙarshe kamar jan sa ake yi da igiya. Auta ya zo na biyar, na shida yana manne da tayarsa ta baya. Da ya iya magana, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, me ka ce masa?" Na ce ban ce masa komai ba. Bai yarda ba, har yau ma bai yarda ba.

Muka ci shinkafa da wake da manja a wata rumfa, Auta ya cinye kwano biyu ya kama na direba. Bayan azahar ya yi wanka a gidan wani abokin ƙungiya, ya sa babbar rigar da muka kawo, muka gangaro. Wannan karon daga sama muka zo, don haka tun daga masallaci ya sa aka tsayar da mota. Ya sauke keken, wanda yanzu ya zama nasa, ya cire takalmi, ya turo shi har gindin ɗorawa, ya tsugunna can nesa da tabarma, kai a ƙasa. Baffa ya koma kan buzunsa. Dattawan suna ta tsokanarsa, wai ya tara mutane kallo shi kuma ya tafi bayan rumbu da buta. Ya ce ai tsufa ke nan, ciki ba ya neman izini. Ya amsa gaisuwar Auta a gajarce, idonsa a wani wuri, yadda suka saba. Aka fito da jariri aka miƙa mini, na yi masa addu'a, uban yana satar kallonsa ta gefen ido.

Da muka tashi tafiya, Baffa ya rako ni taku kaɗan, ya rage murya, amma ba sosai ba.

"Ka ce wa mutumin Bebeji, in zai sake hawa irin wannan hayi ya daina waiwaye. Sau biyu ya waiwaya daga tsamiya zuwa masallaci. Mai korar shanu ma gaba yake kallo."

Na ce zan faɗa masa. Auta yana tsugunne yana ji. Ba wanda ya tambayi Baffa yadda mai kewayawa ya ƙirga waiwaye.

Gangarowa ta fi hawa sauƙi ga motar, sai dai birki ya yi ta wari. Mun ratsa daji da sauran rana, muka yi magariba a Tudun Wada, muka sayi rake na tsaraba. Auta ya ƙi shiga gaba, ya zauna a baya rungume da kekensa har Bebeji, inda muka tarar da 'yan unguwa suna jiran labari a teburin mai shayi, ba shayi.

Na tafi ne ina ganin ƙarfin tsere a cinya yake, kuma na ga cinyoyin, Allah ya ƙara musu lafiya. Na koyi cewa jiharmu tana da duwatsun da suke toshe kunne, da mutanen da suke miƙa wa baƙo ruwa ba su san sunansa ba. Na kuma koyi cewa akwai saƙon da in ka yi haƙuri ka zauna, ka sha furarka, mai shi zai karɓa ba tare da ka buɗe baki ka kunyata shi ba. An raba kyaututtuka a Riruwai an tafa wa kowa. Amma ni in aka tambaye ni wanda ya fi burge ni ranar, zan ce wani dattijo ne da ya naɗa rawaninsa na idi, ya tara baƙi, sannan ya je ya kalli surukinsa ta kafar zana.